Ranar da Auta Ya Ɗaga Motar Baba

"A'a, ba waɗannan ba," in ji Auta. "Waɗancan masu faɗin, masu baƙin wili. Su za a sa."

A-kori-kurar tana tsaye a gareji kan jak da gumagumai, ko taya ɗaya babu a jikinta. Tun da safe bakanike ya cire tsofaffin sifirin ƙarƙashinta ya ɗaura dogaye don ta ƙara tsayi. Motar Baba ce. Da ƙafa ta fara ƙi masa, ya tsallake 'ya'yansa manya ya miƙa wa Auta makulli, kuma har yau ba wanda ya manta da wannan a gidan.

"Masu faɗin nan za su leƙo waje fa," in ji bakanike.

"Leƙowar nake nema. So nake in na tsaya a bakin kasuwa, mai ƙaramar mota sai ya ɗaga kai kafin ya gaishe ni."

Mai taya ya washe baki. "Ranka ya daɗe, da waɗannan ko tirela sai ta ba ka hanya."

Waya ta yi ƙara a aljihun Auta. Yaya ce, babbar 'yar gidan. Ya kashe. Ta sake kira, ya sake kashewa, yana shafa haƙoran sabuwar tayar. Da ta ƙi haƙura ya ɗauka.

"Kana ina, marar kunya? Baba ya faɗi a banɗaki. Ƙugu ne. Ba ya iya tashi, ba ya iya zama. Kawo motar yanzu!"

"Ku tsayar da tasi mana, kafin in..."

"A tasi naɗe shi za mu yi? A kwance za a ɗauke shi. Na ce kana ina?"

Auta ya kalli motar a rataye. "Ina hanya," ya ce.

Ya juyo bakinsa na rawa. "Ku mayar mini da tsofaffin. Maza!"

"Waɗanne tsofaffi?" in ji mai taya. "Ai musaya muka yi. Tuni na aika da su shago."

"Mayar da sifirin kuwa sai yamma," in ji bakanike. "Wa ya faɗi?"

"Baba."

Bakanike ya zabura ya miƙe. Lokacin da aka rushe masa rumfa, Baba ne ya kwashe masa kayan aiki a wannan motar, bai karɓi ko na mai ba. Ya gangaro da sabuwar taya da kansa, ya daka wa mai taya tsawa ya kama masa. Taya mai nauyin tsiya, sai da suka haɗu su uku kafin ta hau. Wayar kuma ba ta daina kuka ba.

Ana sauke jak Auta ya ɗare sama.

"Tsaya in sake bin notin tayoyin," in ji bakanike.

"Babu lokaci!"

"In taya ta fice a hanya, gawa biyu za a kwaso. Tsaya!"

Ya tsaya, yana dukan sitiyari da tafin hannu, har bakanike ya zagaye ƙafa huɗun da sifana.

A hanya motar ta zama baƙuwa. Sitiyari ya yi nauyi. Duk kwanar da ya sha sai taya ta gogi bodi, gurrr, har cikin haƙoransa. Mutane kuwa suna ta ɗaga kai suna kallo, yadda ya so. Bai ga ko ɗaya ba.

Ita motar nan, tun da aka saye ta, da baya take shiga tsakar gida har ƙofar ɗakin Baba. Auta ya juya ta ya taka mai kamar kullum. Ƙarfen saman bodi ya daki kankaren saman ƙofa, garam! Siminti ya zubo. Ya fito ya duba. Ko an sace iskar tayoyin ba za ta wuce ba.

Inna ta fito tana dogara sanda. Ta kalli kankaren, ta kalli tayoyin, ta kalli ɗanta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallon.

Shi da Yaya suka ɗora Baba kan katakon gado da katifa, suka fito da shi tun daga ƙuryar gida har titi, yana nishi a kowane taku. Da, bayan motar iya cinya yake. Yanzu ya kai ƙirji. Suka yunƙura, katakon ya karkata, Baba ya ƙwalla ƙara irin wadda Auta bai taɓa ji daga bakinsa ba.

"Sauke! Sauke!" in ji Yaya tana kuka. "Za ka ƙarasa shi!"

Maƙwabta na tsaye nesa, kowa na tsoron taɓa mai karaya. Inna ta buga sandarta a ƙasa.

"Kai tela! Ran da matarka ke naƙuda, wace mota ta kai ta? Zo ka kama. Mai shago, buhunanka da ruwa ya tare a tasha, kanka ya ɗauko su? Hau sama ka karɓa. Kai kuma mahauci, kar ka sa in faɗi naka a gaban mutane."

Kafin ta rufe baki duk sun iso. Biyu suka hau sama, sauran suka tallafo daga ƙasa, a hankali, a hankali, Inna na cewa kar wanda ya yi gaggawa. Katakon ya zauna. Baba ya lumshe ido. Can tsohon ya buɗe ido, ya dubi kawunan mutane a ƙasa da shi.

"Motar wa aka aro?" ya ce.

Yaya ta sa aka ja ta sama, ta riƙe masa kai.

Saura Inna. Kujerar gaba tata ce tun zamanin da Baba ke tuƙi. Auta ya buɗe mata ƙofa. Ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta sake gwadawa, ko kusa ba ta kai ba.

"Bari in ɗauko kujera, Inna."

"Uban naka zai jira kujera?"

Auta ya dubi titi. Duk layin sun fito. Ya durƙusa a cikin ƙura, gefen sabuwar tayar da ta fi shi tsawo yanzu, ya kafa gwiwa ɗaya. Inna ta dafa kansa, ta taka cinyarsa da takalminta, ta hau.

Da ya zagayo ya tada mota, bai iya kallonta ba.

"Gobe zan sa a sauke ta, Inna."

Ta gyara mayafinta, tana kallon gaba.

"Kar ka sauke. Ta yi kyau. Kuma asibitin nan, safe da yamma za ka dinga kai ni. Ja mu tafi."