Haƙorin Yarinyar Ƙarfe

Da aka farfaɗo da tsohon shirin talabijin ɗin nan na 'yan sama jannati, Tsuntsuwa, 'yar shekara shida, aka ɗauka ta fito a yarinyar ƙarfe, wato mutum-mutumi, wadda ba ta girma. Uwarta ke raka ta wurin ɗauka kullum. Sau biyu tana farke rigar wasan a ɓoye tana ƙara mata tsawo, don kada a lura yarinyar na miƙewa.

Ana kashi na shida cikin goma, haƙorinta na gaba ya fita.

Mai kula da hotuna, wadda aikinta tabbatar da fuskar yau ta dace da ta jiya, ta ɗaga haɓar yarinyar.

"Maman Tsuntsuwa, ƙarfe dai ba ya famfara."

"Yaya, ki rufa mana asiri. Sai ta riƙa yi baki a rufe."

"Na kusa da shi ma girgiɗi yake. Wata nawa za ta yi a haka?"

Da aka gaya wa darakta, ko zama bai yi ba. Ya ce a rubuta cewa yarinyar ƙarfe ta lalace, an jefar da ita daga kumbo.

Uwar ta goge mata fentin fuska a hankali. Tsuntsuwa ta miƙo haƙorin a tafin hannu.

"Umma, in aka manna shi da gam, gobe zan dawo?"

Uwar ta durƙusa tana ɗaure mata takalmi.