Numfashin Baba Badujala

"Kawu, don girman Allah ka kashe injin nan!"

Mai walda ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya dubi wadda ke tsaye a ƙofar shagonsa da wayoyi naɗe a kafaɗa kamar mai tallan igiya. Injiniya ce, 'yar gidan da ke kallon shagon. Tun da ta shiga makarantar koyon haɗa sauti mutanen layin suka laƙaba mata sunan don tsokana, ita kuwa ta karɓe shi ta ɗaura kamar ɗankwali.

"In kashe in ci me? Iska?"

"Zuwa azahar kawai. Baba Badujala zai busa, ni zan ɗauka. Ko tari aka yi a layin nan sai ya shiga na'urata."

"Ikon Allah!" Mai walda ya kwashe da dariya har da dukan cinya. "Shekara da shekaru tsohon nan yana hana mu barcin rana da ƙahonsa, mun yi magana har bakinmu ya bushe. Yau kuma mu ne masu surutu?"

"Ku ne. Kuma ka ga motar asibiti jiya, ka ga tukunyar iskar da aka shiga da ita. Ba lallai ya sake damun ku ba, Kawu."

Dariyar ta tsaya. Ya miƙa hannu ya kashe injin, ya goge tafinsa a riga.

"Je ki. Tela da mai facin taya ki bar ni da su."

Baba Badujala ya yi ƙuruciyarsa yana busa ƙahon tagulla a badujalar 'yan sanda, daga nan sunan ya bi shi. Da ya yi ritaya sai ya shiga ƙungiyar makaɗa irin masu zama sahu-sahu, masu goge a gaba, masu sarewa da ƙaho a tsakiya, masu ganguna a baya, kowa idonsa a kan sandar madugu, wato mai jagorantar kiɗan. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da tsakar gidan su Injiniya. Tun tana ƙarama take manna kunne a jikin katangar, har shi ma ya san da ita, yana kiranta 'yar katanga. Lokacin da mazan ajinsu suke ce mata ta koma ta riƙe musu waya, busar da ke ratsowa ta katangar nan ce ta hana ta tattara kayanta.

Yanzu ita ce mai haɗa sauti a wani ƙaramin kamfani da ke yin fim ɗin zane, irin na katun, labarin wata yarinya mai ƙarfin da ya wuce na 'yan Adam. A tsakiyar fim ɗin gada ta karye da mota cike da 'yan makaranta, yarinyar ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga. A daidai nan goge da ganguna duk suke yin shiru, a bar ƙaho shi kaɗai, busa ɗaya doguwa tun daga ƙasa har gadar ta miƙe. Ƙungiyar su Baba ce aka ɗauka ta yi kiɗan fim ɗin, shi kuma aka ba shi wannan wurin. Sai dai ranar da ƙungiyar ta taru a babban zaure aka ɗauki kiɗan fim ɗin gaba ɗaya, kujerarsa ba kowa, yana gadon asibiti huhunsa ya gaza. Darakta, shugaban aikin fim ɗin, ya ce abu ne mai sauƙi, kwamfuta ma tana da ƙaho. Injiniya ta ce tana da shi, amma ba a fim ɗin da ta sa wa hannu ba.

Ta tarar Iya, matar Baba, ta riga ta jingina katifu a bango kamar yadda aka ce mata, har da bargo a kan taga. Ɗakin ya yi duhu, yana warin magani da man goge tagulla. Baba na zaune a bakin gado, an tokare bayansa da matasai, robar iska a hancinsa, ƙahon a cinya. Ya sa farar riga, har da maɓallin wuya.

"'Yar katanga, kin makara. Da madugu ne, da ya ci ki tara."

"Ina can ina rufe bakin maƙwabtanka, Baba."

"Har da mai walda? To lallai kin fi gwamnati."

A bakin ƙofa ɗansa na fari, da kowa ke kira Yaya, yake tsaye, mai aiki a kantin magani, hannu harɗe a ƙirji. Ta gaishe shi, ya kawar da kai.

"Likita ya ce ko magana ya rage. Ke kin zo da wayoyi ki ƙarasa shi saboda zanen yara."

"Yaya, ni ban..."

"Bar ni da shi." Baba ya ɗaga yatsa. Sai da ya huta kafin ya ci gaba. "Kai, ciwon nan ya riga yarinyar nan zuwa. Numfashin da ya rage mini ɗan kaɗan ne, na sani, kai ma ka sani, kai da kake karanta takardar magani. To nawa ne ko naka?"

"Naka ne, Baba."

"To zan kashe abina inda nake so. In na bar shi ma ba gado za ku raba ba."

Yaya ya dubi mahaifiyarsa yana neman taimako. Iya ta gyara mayafinta.

"Kada ka kalle ni. Tun kafin a haife ka nake cewa ya ajiye ƙarfen nan. Ka ga ya ajiye?"

Injiniya ta kafa makirfo, ta ɗora kwamfutarta a kan kujera inda Baba zai ga hoton, ta sa masa abin ji a kunne ɗaya. Ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa. Waje ya yi tsit, irin shirun da layin bai taɓa yi ba da rana tsaka. Daga nesa ta ji muryar mai walda yana yi wa wani mai babur tsawa ƙasa-ƙasa, ya kashe ya tura da ƙafa.

Yaya da kansa ya zare robar daga hancin mahaifinsa, fuskarsa a ɗaure.

Hoton ya motsa. Goge suka taso, suka faɗi. Yarinyar zane ta sa kafaɗa a ƙarƙashin gada. Baba ya kai ƙaho bakinsa, sautin ya fito zagaye, mai ɗumi, irin wanda ta sani tun tana jan ƙafa a tsakar gida. Bai kai rabi ba ya tsinke. Tari ya turnuƙe shi, Yaya ya mayar da robar da sauri, Iya tana shafa bayansa.

Aka huta, aka sake. Ya tsinke a wurin dai.

"Baba, akwai dabara," in ji Injiniya. "Ka busa rabin farko yanzu, in ka huta ka busa na biyu. Zan ɗinke su, ko madugu ba zai ga ɗinkin ba."

"Faci za ki yi mini? Ni taya ce?"

"Kowa haka yake yi yanzu."

"Kowa ya yi. Yarinyar nan gada guda take ɗagawa, ba rabi-rabi ba." Ya lumshe ido. "Sa mini."

"Ya isa haka," in ji Yaya.

"Sa mini, 'yar katanga."

Ta dubi Yaya, ta dubi tsohon. Ta danna.

Wannan karon ya fara a hankali, yana tattalin iska kamar mai auna gishiri. Sautin ya hau, ya wuce inda yake tsinkewa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Sai ya yanke. Amma Baba bai sauke ƙahon ba. Ya ja numfashi, wani ja mai ƙara, mai kaushi, kamar ana jan buhu a kan siminti, makirfo ya kwashe shi kaf. Sannan ya kama busar daga ƙasa da inda ya bar ta, tana rawa, ya tura ta, ya tura, har ta kai ƙololuwa. Gadar zane ta riga ta miƙe tuntuni, shi sai daga baya ya iso.

Ƙahon ya zame kan katifa.

"Abin da ke cikin tulun ke nan," ya ce da ƙyar bayan an mayar masa da iska. "In sun so, to. In ba su so ba, su sha kwamfuta."

Darakta bai so ba. Ya saurara sau ɗaya a ɗakin haɗa sauti, ya cire abin ji daga kunnensa.

"Da girmamawa ga tsohon, wannan nishin mara lafiya ne. Kuma ya fi hoton tsawo. Ki yanke nishin, ki matse sauran, ko ki sa na kwamfuta. Mako mai zuwa za mu miƙa fim."

"Ba zan yanke ba."

"Ba shawararki nake nema ba, Injiniya."

"Ni ma ba izini nake nema ba, ranka ya daɗe. In dai yankewa ce, sai dai wani ya yanke, a cire sunana."

"Kin san masu neman kujerar nan?"

"Na san su, tare muka yi karatu. Ni nake ba su amsa a aji."

Ya ce ta je gida ta huce, ta dawo da hankalinta.

Da yamma ta leƙa wajen Baba. An cire katifun, an ɗage bargon taga, hasken la'asar yana kan ƙafafunsa. Muryarsa ta koma raɗa.

"Sun karɓa?"

Iya ta yi mata alama da ido daga bayan gado, alamar ta ce masa e. Injiniya ta durƙusa kusa da shi.

"Ba su karɓa ba, Baba. Amma za su karɓa."

Kafaɗunsa suka motsa, dariya ce ba sauti.

"Taurin kai. A katanga kika tsotso."

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, tana shanya a tsakar gida ta ji kukan Iya ya ratso katangar. Ta daɗe tsaye da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Ranar aka kai Baba makwancinsa, duk shagunan layin a rufe suka yini.

Washegari ta koma wurin aiki, ba ta bi ta ofishin Darakta ba. Ta wuce ɗakin masu zane, ta haɗa na'urarta da lasifika, ta saki busar ba tare da hoto ba. Alƙaluma suka tsaya. Darakta ya shigo da sauri.

"Wa ya ba ki..."

"Ka ce sautin ya fi hoton tsawo. Gaskiyarka. To hoton ne gajere." Ta juya wajen shugabar masu zane, wata dattijuwa mai tabarau da kowa ke kira Anti. "Anti, gada ce fa, da mota a kai, da yara a ciki. Yarinyar nan ta ɗaga ta kamar faifai, ko ƙafarta ba ta girgiza ba. Wa zai ji tsoro dominta?"

"Jaruma ba ta gajiya," in ji Darakta. "Yara ƙarfi suke zuwa kallo."

"Yaran da suka ga uwarsu ta sauke tulu ta huta ta sake ɗauka? Sun san ƙarfi, ranka ya daɗe, a gida suka baro shi."

"Sake zanen wurin nan aikin kwanaki ne. Ba mu da su."

"Ni zan kwana a kan sauti in rama muku lokacin. In fim ɗin ya makara, ka kore ni a gaban kowa, ba zan ce uffan ba."

Anti ta gyara tabaraunta. Ta ce a sake sa mata wurin numfashin. Ta saurara, kanta a sunkuye. Sannan ta jawo sabon shafi, ta zana gwiwa guda a ƙasa, gada ta danno kafaɗa, baki a buɗe yana neman iska.

"Nan za ta durƙusa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ranka ya daɗe, ka tare mini haske."

Darakta ya dubi zanen, ya matsa gefe.

Fim ɗin bai makara ba. Kafin a nuna shi ko'ina Injiniya ta ɗauki kwamfutarta ta shiga wajen Iya da rana. An naɗe shimfiɗar gadon, an mayar da tukunyar iska asibiti, sai zoben tsatsa da ta bari a ƙasa. Ƙahon na rataye a ƙusa, an goge shi yana ƙyalli. Yaya ya shigo ya matsar mata da kujera, ya zauna a bakin ƙofa.

Goge suka taso, suka faɗi. Yarinyar ta ɗaga gadar zuwa rabi, ƙafarta ta lanƙwashe, gwiwa ta daki ƙasa, yaran cikin mota suka manne da taga. Ta ja numfashi da ƙirjin tsoho. Ta tashi.

"Mayar da shi baya," in ji Iya.

Injiniya ta mayar zuwa farkon busar.

"A'a, ƙarfen nan na ji shi ya ishe ni har ƙarshen rayuwata. Can gaba kaɗan. Inda ya ja iska."

Ta kai wurin, ta danna. Iya ta matso da kunnenta dab da ƙaramar lasifikar, ta rufe ido, tafinta a kan katifar, gefen da yake kwanciya.

"Sake."

A waje, mai walda, da ya ga shigarta da kwamfuta, ya kashe injinsa da yake ta ƙara tun safe.