Sunan Da Batulu Ta Ƙi Kira

"Peggy, ƙara cokali ɗaya mana," in ji Rebecca, tana kai wa tsohuwar romo baki.

Batulu na tsaye bakin ƙofa da nata kwanon farfesun, kishi kamar ya kashe ta. Shekara tara suna maƙwabtaka da tsohuwar, Mrs Margaret, a unguwar Withington can ƙasar Turawa, bango ɗaya ya raba su. Ita ke kai ta asibiti, ita ke fitar mata da shara ran Talata. Rebecca kuwa, 'yar Jos, wata huɗu kacal da tarewa a layin, har ta kai ga Peggy!

Maganar gaskiya, tun ranar farko tsohuwar ta ce wa Batulu ta riƙa kiranta haka. Har bayani ta yi mata: Margaret ce ta koma Meg, Meg ta koma Peg, aka ƙara mata wutsiya. Batulu ta yi dariya kawai. Ina ita ina kiran sunan sa'ar kakarta gatsal? Sai ta riƙe "Mama". Ga shi yanzu kunya ta ja mata, baƙuwa ta shige gabanta.

A kicin Batulu ta kasa haƙuri, ta tare Rebecca. "Maman Goodness, ko nauyin baki ba kya ji? Matar nan ta haura tamanin fa."

"Hajiya, ita ta ce. In na ce Mrs, sai ta tambaye ni ko daga council, wato ƙaramar hukuma, aka aiko ni."

Ran Alhamis da hantsi tsohuwar ta cika. Rebecca ce a gefenta, Batulu ta tafi karɓo mata magani. Wannan ma ya tsaya mata a rai.

Da la'asar 'yar marigayiyar, Susan, ta iso daga Birmingham. Ta ƙare wa Batulu kallo.

"Ke ce mai ce mata Mama?"

"Ni ce."

"Kowa Peggy yake ce mata, har mai kawo wasiƙa. Ni ma da ta haifa, haka ta sabar da ni. Amma duk wayar da na yi sai ta ce, 'Ina da wata a nan mai ce mini Mama.'"

Susan ba ta yi murmushi ba. Batulu ta gane kallon nan sarai, wata huɗu ke nan tana yi wa Rebecca irinsa. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya zubo.

Ran Talata da safe Batulu ta janyo kwandon sharar gidan marigayiyar zuwa bakin titi. Babu komai a ciki.