Gorar Irin Malam Alkasum

Duk wanda ya san Malam Alkasum a Birnin Damagaram ya san shi da taurin kai da binne. Binne kuwa shi ne mutum ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya koma gida ya jira ikon Allah. Maƙwabta su tsaya sai ruwan shuka ya zuba, shi kam gajimare ɗaya ya ishe shi ɗaukar sungumi. Da idonsa ya mutu ma bai daina ba, sai dai ya ɗaga hanci ya ce iska ta sauya ƙamshi.

A shekarun farin nan rumbuna duk suka zama ɗakin ɓera. Abin da ya rage a gidansa gora ɗaya ce ta irin gero, wanda ya gada daga mahaifinsa, tana rataye a kan gadonsa. Ya sha faɗa wa matarsa Hajjo cewa a gidansu an ci dusa, an ci 'ya'yan anza masu ɗaci, amma ba a taɓa cin iri ba.

To, an ci. 'Yarsu Wasila ta haihu, mijinta yana can Kano cin rani, nono ya ƙafe, jaririya ta yi kuka har murya ta dushe. Hajjo ta riƙa ɗibar irin kaɗan-kaɗan tana dakawa a turmin maƙwabta tana dama wa mai jego kunu, tana ce mata taimako aka raba. Abin da ta ɗiba sai ta mayar da yashi a madadinsa. Ni ban ga laifinta ba, amma ita ta gani, har ta rame fiye da yadda yunwa ta ramar da ita.

Wata safiya Malam ya ce, "Hajjo, sauko da gorar nan. Yau za mu binne."

Hajjo ta ce, "Malam, sama fa ko ɗigon gajimare babu."

"Ke ke da ido, ni ke da hanci. Mu tafi."

Gonarsu tana hanyar garin Dogo. Hajjo ta san suna isa zai tsiyaya abin da ke gorar a tafin hannunsa. Sai ta ƙudura a ranta ba za su isa ba, za ta yi ta zagayawa da shi bayan gari har ya gaji ya ce a koma. Ta kama kan sanda, ya kama gindinta, gora a rataye a kafaɗarsa, suka fita.

Suka bi ta inda tsohon garun Birni ya zube. Malam ya tsaya ya shafa abin da ya rage, ya ce yana yaro sai ya ɗaga kai yake ganin ƙarshensa, yanzu akuya ma raina shi take. Daga nan suka shiga cikin duwatsu, manya-manya, wani bisa wani kamar an jera tukwane. Hajjo ta bar hanyar gona ta karkata. Suka gangara ta bakin tabkin da ya bushe ya tsattsage, suka wuce makiyayan da dabbobinsu suka ƙare, sun kafa tsummoki a inuwar dutse. Malam ya yi musu sallama, ya tambayi daga ina, ya yi musu addu'a.

Tafiyar ba mai tsanani ba ce, hawa kaɗan, gangara kaɗan, amma ga tsofaffi biyu masu wofin ciki aiki ce. Hajjo tana jira ya ce ya gaji. Ina, mutumin sai ƙara buɗe baki yake. Ya ba ta labarin ramukan marina da suka gifta, ya ba ta na barikin da Faransa suka ɗora kan dutse, duk kuwa labaran da ta ji har ta haddace.

"Mun kusa?" in ji shi.

"Da saura."

"Gonar nan ta iya gudu bana."

Suka ƙara gaba, sai ta ji sanda ta tsaya a hannunta.

"Hajjo, da muka fito rana a kuncina na hagu take. Yanzu ga ta a na dama. Ko ita ce ta ɓata hanya?"

Ya miƙa hannu ya lalubi dutsen da ke gefensa, ya shafa wurin da ya yi sumul. "Wannan ai dutsen da muke wasan sulu a kansa ne muna yara. Daga nan ana jiyo kiran sallar Birni. Zo mu zauna."

Suka zauna a inuwa. Sai kuka ya zo wa Hajjo, irin wanda ta daɗe tana haɗiyewa. Kunya da tsoro suka rufe ta.

Malam ya girgiza gorar a kusa da kunnensa. "Makaho ne ni, ba kurma ba. Gero ba ya irin wannan ƙara. Tun da kika fara nake ji."

"Ka sani, shi ne ka sa na yi ta jan ka cikin rana?"

"A gida kya faɗa, yarinya tana ji? Ina jin ki ba ki barci, ba ki magana. Na ce bari in fito da ke inda ba kowa."

Ta goge ido da gefen mayafi. "Ba ko ƙwaya, Malam. Duk na dake."

Ya ji zafin abin ƙwarai, ba a ɓoye ba. Gero ne da ya sani tun kafin ya san ta, kuma ba zai sake riƙe shi ba.

Can ya ce, "Nonon ya zo?"

"Ya zo. Jiya har ta yi gyatsa."

"Alhamdu lillahi." Ya laluba ya miƙa mata gorar. "Zubar da yashin nan, ya ci mini kafaɗa. Kuma kada Wasila ta sani, ko bayan raina. In mun koma ki ce mun binne."

Ta zare marfin ta tsiyaye shi a gindin dutse, ta miƙe za ta kama sanda.

"Zauna tukuna," in ji shi. "Wa ya taɓa gama binne da hantsi? Sai ta gane."

Ta koma ta zauna kusa da shi, suka jira rana ta yi sama.