Wankan Rakiya

Rakiya ta rasu da sassafe ranar wata Talata, a wani asibiti da ke kusa da unguwar Utaibiyya a Makka. Kafin rana ta yi zafi labari ya iso Hindawiyya, inda ƙawarta Zubaidatu ke zaune a ɗaki guda a saman shagon masu gyaran firji. Zubaidatu ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta yi salati, ta jawo jakar da ta tanada tun da ciwon ya tsananta, mai garin magarya da kafur da safar hannu a ciki, ta zura abaya, ta sauka neman tasi.

Zubaidatu ta haura shekara sittin. Matan unguwa sun san ta da sayar da tuwo da miyar kuka, idan Hajji ya zo kuma ta bi masu girki zuwa Arfa. Amma kafin tuwo ta yi wata sana'a. A Kaduna, zamanin da talabijin ke nuna baƙi da fari, ita ce babbar 'yar wasan wata ƙungiya da ke yawo da wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe. A kan dandamalin gidajen sinima suke yi, magana kaɗan, waƙa da rawa da yawa, daga Kaduna zuwa Zariya, daga Jos zuwa Gusau. Daga baya aka ɗauki wasanninsu a kaset, sunanta ya shiga gidajen da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Babu amfanin a yi wa wannan sana'a kwaskwarima. Mace ce a tsaye gaban ɗaruruwan maza tana karairaya, ana liƙa mata kuɗi a goshi, ana ihu. Zubaidatu da kanta ta san haka. Shi ya sa da ta zo Hajji ba ta koma ba. Ta auri wani direba, ya rasu bai bar mata ɗa ba, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Rakiya ma 'yar ƙungiyar ce, sai dai a sahun baya take, cikin 'yan amshi. Ita ta riga Zubaidatu zuwa Makka. Ta auri wani Bahaushe haifaffen garin, mai shagon yadi, ta haifa masa 'ya guda, Ummulkhairi, ta zama Hajiya Rakiya mai yawan azumi. Babu wanda ya san daga ina ta fito sai Zubaidatu. Amma jiki ba ya mantuwa. A haƙarƙarinta na hagu, can ƙasan nono, akwai zanen da aka yi mata da allura da baƙin tukunya lokacin ƙuruciya, sunan makaɗin ƙungiyar ne, Dawuda. Mijinta ya gani, ya yi shiru har ya mutu. 'Yarta ba ta taɓa gani ba.

A kwanakinta na ƙarshe, da ɗakin asibitin ya rage su biyu, Rakiya ta kamo hannun Zubaidatu.

"Zubai, ke za ki wanke ni."

"Ke dai kin cika son aikin banza. Da ranki ma ni ce mai cuɗa miki baya."

"Ba wasa nake ba. Kada Ummulkhairi ta ga Dawuda."

"Na ji."

"Ki ce wallahi."

Ta ce wallahi. Rakiya ta saki hannun, ta juya fuska bango.

Da a ce alƙawarin nan ya zo shekara guda baya, da babu mai hana ta cika shi. Amma a tsakani wani mara aikin yi a can gida Nijeriya ya tono tsohon kaset, ya juye shi a waya, ya watsa. Cikin mako guda ya zagaye Hausawan Makka. Ga Zubaidatu nan, siririya, kai babu ɗankwali, tana waƙa a matsayin uwar da ɗanta ya nutse a kogi. 'Yan amshi suna can baya, hoton ya dushe, ba a gane fuskarsu. Masu sayen tuwo suka ragu. Matan da ke gaishe ta da "Hajiya" suka koma ɗaga mata hannu daga nesa. Mutanen nan sun kalli wasan sau biyu sau uku, sun yi dariya, sun tura wa 'yan uwa, sannan suka ce abin ƙyama ne. Haka mutane suke.

Gidan wankan gawa, wanda 'yan garin ke kira magsala, yana jikin wani masallaci a Utaibiyya. Ɓangaren mata ɗaki ne mai sanyi da benci biyu, sai ƙofar ƙarfe da ke shiga wurin wankan. Zubaidatu ta tarar da mata sun fi goma a zaune. Ummulkhairi na tsakiyarsu, idanu a kumbure. Ma'aikaciyar wurin, wata gajeriyar mata mai farar riga, ta riga ta faɗi dokarsu: ita da mataimakiyarta ne masu wanka, kuma mutum ɗaya kawai suke bari ya shiga daga dangi.

Zubaidatu ta durƙusa gaban Ummulkhairi, ta yi mata gaisuwa, sannan ta ce a hankali, "'Yata, uwarki ta bar mini wasiyya. Ni zan shiga."

Ummulkhairi ta sunkuyar da kai. Hausarta a karye take, rabinta Larabci, kamar ta yawancin yaran da aka haifa a nan. Khala take ce wa Zubaidatu, wato inna.

"Ya Khala, ni ban sani ba. Sai abin da Malam ya ce."

Malam shi ne mijinta, Abdulwadud, ɗalibin ilimi daga Sakkwato da ke karatun fiƙihu a garin. Mutum ne mai tsare salla, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma bai taɓa zargin kansa da kuskure ba. Yana tsaye a waje, jikin ƙofar mata, ya juya wa labule baya. Zubaidatu ta matsa, ta tsaya ta ciki.

"Malam, sannu da haƙuri."

"Allah ya ba da lada, Inna."

"Marigayiya ta ce ni zan yi mata wanka."

"A gaban wa ta faɗa?"

"A gaban Allah. Daga ni sai ita."

"Inna, ba zan ce kin yi ƙarya ba. Amma malamai sun ce mai wankan gawa ya zama amintacce, mai rufa asirin abin da ya gani. 'Yarta tana nan, ita ta fi cancanta."

"Shekara nawa ina tare da ita? Wa ya yi jinyarta? Wa yake juya ta a gado lokacin da kuke makaranta?"

"Allah ya saka miki. Jinya daban, wanka daban."

"Ka fito fili, Malam. Kaset ɗin ne."

"Tunda ke kika ambata," in ji shi, murya a kwance, "wanda sana'arsa ta kasance nuna wa jama'a abin da ya kamata a rufe, ba shi zan ba amanar rufewa ba. Ki gafarce ni."

Akwai kalma guda a bakin Zubaidatu da za ta kawo ƙarshen gardamar. Da ta ce masa surukarsa ma a sahun baya take a kaset ɗin, kuma akwai shaida a jikinta, da shi da kansa zai roƙe ta ta shiga, don kada matarsa ta gani. Amma faɗar hakan shi ne tona abin da aka rantsar da ita ta rufe. Ta haɗiye.

Ta juyo ga matan, tana neman wadda za ta sa baki. Babu wadda ta ɗago. Nan ne kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata. Kukan gaskiya ne, babu ko shakka. Sai dai wadda ta shafe ƙuruciyarta tana kuka a kan dandamali ba ta san wani salon kuka ba sai wancan. Jikinta ya yi abin da ya saba. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta ja da baya, ta juya fuskarta inda kowa zai gani, ta zube a gwiwa ɗaya, muryarta ta fito tas, har na bencin ƙarshe ya ji kowace kalma.

"Rakiya, sun hana ni. Rakiya, ki shaida na zo."

Kowace mace a wurin ta ga wannan durƙuson a wayarta, a bakin kogin kwali na wasan. Wata budurwa ta toshe baki da gefen mayafi. Wata tsohuwa mai suna Ramlatu, wadda ta fi kowa cin tuwon Zubaidatu a da, ta yi tsaki.

"Haba Zubaidatu. Har a nan? Babu mai liƙi a ɗakin nan, tashi."

Ummulkhairi ta dube ta, fuskarta ta canza. Da farko da tausayi take kallonta, yanzu kunya ce da ɓacin rai.

"Khalas, ya Khala. Ya isa. Ni zan shiga."

Ta miƙe. Zubaidatu ta miƙa mata jakar magarya da kafur, ma'aikaciyar ta girgiza kai, ta ce suna da nasu. Ƙofar ƙarfe ta rufe.

Zubaidatu ta koma ƙarshen benci ta zauna, jakar a cinya. Tana jin ƙarar ruwa ta bayan bango. Ta san tsarin aikin, don ta sha yi wa matan unguwa kafin kaset ya fito. Yanzu alwala ake yi mata. Yanzu an wanke kai. Yanzu ɓangaren dama. Za a juya ta, a ɗaga hannu, a zo ɓangaren hagu, mayafin zai zame kaɗan kamar yadda yake zamewa kullum. Ta rufe ido. Babu wadda ta yi mata magana, babu wadda ta matso kusa da ita.

Da aka gama, Ummulkhairi ta fito, hannun rigarta a jiƙe. Mata suka tashi za su kama ta, ta wuce su, ta zo ta tsaya a kan Zubaidatu.

"Khala, zo."

Ta ja ta lungun da ake ajiye takalma, ta rage murya.

"Akwai rubutu a jikin Ummi. Na karanta. Wane ne Dawuda?"

Zubaidatu ta dube ta. Yarinyar nan ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Abin da ta sani game da can, labari ne kawai. Zubaidatu ba ta ɗaga hannu ba, ba ta canza murya ba. Ta yi magana kamar mai faɗin farashin gero.

"Yayanki ne."

"Yayana?"

"Kafin ta zo nan ta yi wani aure, ta haifi namiji. Bai yi wata uku ba ƙyanda ta ɗauke shi. A garinmu, a wancan zamanin na jahilci, idan ɗan fari ya mutu, uwa takan sa a zana mata sunansa. Da ta san haramun ne sai ta riƙa ɓoyewa. Abin da ya sa ta ce ni in wanke ta ke nan."

Babu garin da ake wannan al'ada. Babu aure, babu jariri. Dawuda ƙato ne mai jan ido da ya sha giya har ta kashe shi a Jos. Amma Ummulkhairi ta yarda nan take. Ta faɗa jikin Zubaidatu tana kuka, tana cewa miskina Ummi, ta ɗauki wannan ita kaɗai duk shekarun nan. Matar da aka ƙaryata ɗazu a kan gaskiya ta tsaya tana bubbuga bayanta, idonta a bushe.

Ƙarya ƙarya ce. Za a iya cewa ta yi ta ne don rufa asirin mamaciya, kuma Allah ya fi kowa sanin niyya. Amma Zubaidatu ta ƙaga wa matacciya miji, ta ƙaga mata ɗa, ta ƙaga wa mutanen garinta al'ada, duk a ƙofar ɗakin da gawa ke kwance, kuma abin da ya fi tsorata ta shi ne yadda maganar ta zo mata da sauƙi. Ta ɗauka ta bar sana'ar a Kaduna.

"A ina aka binne shi?" in ji Ummulkhairi, tana share fuska.

"A can. Bayan gari."

"Ya yi kama da ni?"

"Goshinku ɗaya."

"Zan gaya wa Malam. Za mu yi masa sadaka tare da ta Ummi."

"Ki bar Malam. Sirrin uwarki ne."

"Tayyib, na ji. Amma za ki ba ni labarinsa duka, Khala. Bayan zaman makoki zan zo ɗakinki."

Motar gawa ta wuce da Rakiya Harami don sallar La'asar. Mata suka bi a motoci biyu. Ummulkhairi ta riƙe hannun Zubaidatu ta zaunar da ita kusa da ita, Ramlatu na kallo tana taɓe baki. A masallacin suka sami wuri can baya cikin dubban mata, inda ba a hango komai sai bayan mutane. Bayan sallama ladan ya yi kiran salla ga mamata. A nan ba a ambaton sunan kowa. Gawarwaki nawa aka jera a gaban liman, wacce ce Rakiya a cikinsu, babu hanyar sani.

Suka miƙe. Kafin liman ya yi kabbara, Ummulkhairi ta karkato, ta raɗa mata a kunne.

"Khala, ki sa Dawuda a addu'a."

Zubaidatu ta ɗaga hannu tare da jama'a. Ta karanta Fatiha, ta yi salati. Da aka zo kabbara ta uku, inda ake roƙa wa mamaci gafara, ta buɗe baki, harshenta ya yi nauyi. A gefenta tana jin yarinyar tana kuka ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan.