Agogon Filomeno

"Na zuba duka," in ji Filomeno, ya tura tulin rupi ɗinsa tsakiyar tebur, sannan yatsunsa biyu suka sauka kan agogon hannunsa suna murzawa.

Malam Agnelo, maƙwabcinsa, ya bi shi da nasa, ya ci wasan, ya kwashe kuɗin. Shekara ashirin da bakwai ke nan suna buga foka, cacar kati, a barandar nan ta garin Panaji a Indiya, duk Lahadi bayan an taso daga coci an ci shinkafa da miyar kifi. A duk shekarun nan, Filomeno tela bai taɓa yin burga da kati marar kyau ba sai ya murza agogonsa, tsohon agogo mai jiran a murza shi kafin ya yi tafiya. Agnelo ya gano haka tun a shekara ta biyu. Da yake tsohon malamin lissafi ne, ya auna abota da riba, ya ga babu wadda shiru zai ɓata.

"Me likitan ya ce ranar Juma'a?" ya tambaya yana raba kati.

"Iska ce kawai a cikin. Wai in rage barkono. Likitan ma yaro ne, na ɗinka wa ubansa wandon makaranta."

Yatsun suka koma kan agogo. Sau uku.

Agnelo ya dubi katinsa kamar an rubuta wani abu sabo a jiki.

Da zai tafi, Perpetua matar Filomeno ta biyo shi bakin ƙofa da lema, don damina ta kankama. Ta rage murya.

"Malam, kai ka fi kowa sanin abokinka. Ya hana ni shiga wurin likita. Gaskiya yake faɗa? In kira Ivona?"

Ivona ita ce 'yarsu tilo, tana aiki a wata masana'anta a Ingila, hutunta sau ɗaya a shekara, ta ajiye shi sai Kirsimeti. Idan aka taso ta a banza, ba ta da wani. Idan kuma Agnelo ya ce a kira ta, sai an tambaye shi yadda ya sani, kuma amsar tana da shekara ashirin da biyar na kuɗin Lahadi a bayanta.

Shi ma yana da nasa halin a tebur, wanda ya ɗauka hikima ce: ba ya shiga sai katinsa ya tabbata. Yakan bar zagaye goma su wuce yana jiran na sha ɗaya.

"Mu ga mako mai zuwa," ya ce mata.

Mako mai zuwa Filomeno ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Na gaba bai taɓa soyayyen kifin ba, ya ce mai ya yi yawa. Agnelo yana ganin komai yana tarawa, kamar mai haɗa hujjar da zai kai gaban alƙali. A Lahadi ta huɗu, kan gado aka yi wasan, aka ɗora faranti a cinyar Filomeno a madadin tebur. Perpetua ta fita sayo magani.

Filomeno ya riƙe katin bai duba ba.

"Malam Lissafi. Yaushe ka gano agogon?"

Agnelo ya yi kamar bai ji ba.

"Haba, bar wannan fuskar, ba ɗalibinka ba ne ni. Shekara takwas da suka wuce na hau jirgin cacar nan na kogi. Wani ɗan Bombay ya cinye ni cikin rabin awa, sai tausayi ya kama shi, ya ce, baba, cire agogon nan. Baƙo fa. Rabin awa."

"Me ya sa ba ka cire ba?"

"Na cire. Sai na koma murza hannu tsirara, ya fi muni." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. "Kuma da na daina, me za ka ci? Fanshon malami?"

Ruwa yana dukan rufin. Filomeno ya ajiye katin a kife.

"Ranar nan da ka tambaye ni likita, ban yi ƙoƙarin hana hannun ba. Sau uku na murza maka. Ni bakina ba zai iya gaya wa Perpetua ba, na gwada. Na ce ai Agnelo ya iya karanta ni, shi zai faɗa."

"Ban tabbatar ba ne."

"Ai ba ka taɓa tabbatarwa ba, mutumina. Kana can kana jiran kati mai kyau."

Da yammar nan Agnelo ya buga wa Ivona waya da kansa. Jirgin da ta samu na Laraba ne. Filomeno ya cika ranar Talata da safe, daidai lokacin da mai burodi ke wucewa a keke yana matsa ƙaho. Perpetua ta fita karɓar burodi biyu, ta dawo ta tarar ɗaya ya isa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Ivona ta sami Agnelo a baranda, har yanzu da takalman tafiya a ƙafarta. Agogon na hannunta.

"Kawu, ya tsaya. Ban san yadda ake tayar da shi ba."

Ya karɓa. Ta zauna a kujerar ubanta.

"Kwana ɗaya tak," ta ce. "Da wani ya gaya mini ko da mako guda ne. Mama ta ce ya ɓoye wa kowa. Har kai, Kawu?"

Perpetua tana tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi.

"Har ni," in ji Agnelo. "Babu wanda ya sani."

Yatsunsa biyu suna kan agogon, suna murzawa a hankali, har ya fara tafiya.