Zane Tara na Lubabatu

A Parakou, shekarun da aka sauke tutar Faransa, masu cefane ba sa duba naman Badamasi mahauci. Matarsa suke dubawa. In Lubabatu ta ratsa kasuwa tana haki, sai mata su ce lallai naman gidan nan yana da albarka, su yi cincirindo a teburinsa. Shi kuwa kitse da ɓargo yake ɗura mata safe da yamma, don a ganinsa abin da ke gyara saniya shi ke gyara mutum.

Shekara goma sha ɗaya da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Abin yana cin ranta ƙwarai.

Ungozomar asibiti ta kai ta tashar jirgin ƙasa, ta ɗora ta a sikelin gyaɗa, don na asibitin ya gaza. Ta ce, "Madam, ƙibar nan na iya hana ciki. Ki rage kilo ashirin, mu ga ikon Allah."

Badamasi ya dafe ƙirji. "Ki rame? To, me za a ce da namana?"

Sai ta tafi Djougou wurin gwaggonta Amariya, mai sayar da goro, aka ce wa mutane jinya ta tafi yi. Wata biyar tana cin wake da zogale, tana taka ƙafa har gonakin Bariénou. Ta dawo jiki sakayau, gwaggo ta haɗo ta da dabara: zane tara.

Kullum da safe Badamasi zai tsaya ya naɗe ta da zannuwan nan, yana zagaya ta yana zufa, har ta koma yadda kasuwa ta san ta. Ciniki bai ji komai ba.

Da damina ciki ya shiga. Lubabatu ta yi kukan murna, tana so duk garin ya sani. Amma mutumin naku ya ce masu saye ba sa son canji. Duk wata, in ciki ya ƙaru, sai ya cire zane ɗaya. Haka ta yi ta ratsa kasuwa, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, har ranar da zane ya ƙare ta haifi 'ya mace.

Ranar suna mata suka cika gida. Su dubi jaririya, su dubi uwar, su dubi juna. Wata ta kasa haƙuri ta ce, "Lubabatu, tsakani da Allah, a Djougou aka ba ki ita?"

Gwaggo ta miƙe za ta yi faɗa, Lubabatu ta riƙe mata hannu.

"Bar su, Gwaggo. Ina laifinsu? Wata da watanni yarinyar nan tana shurina a tsakiyar kasuwa, ba wanda ya taɓa ce mini sannu."